Daga Sakandaren Ƙauye Zuwa Jami'a: Yadda Za Ka Tsaya Wa Yaronku Har Ya Zauna Da Gindinsa

Duk shekara da zarar an fara sakin sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, wayata ba ta hutawa. Wani dattijo zai tare ni a ƙofar masallaci bayan Magariba ya ce, "Malam, an ce yaron nan ya samu Dutse, to yanzu me ake yi?" Wata uwa ta aiko ƙanin yarinya da takardu a leda wai in duba mata. Amsa ɗaya nake ta maimaitawa, shi ya sa na ga gara in rubuta ta wuri guda, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Na daɗe ina koyarwa a sakandare a nan yankinmu na Jigawa, kuma na ga yara masu kaifin ƙwaƙwalwa sun tafi jami'a sun dawo ba digiri. Ba daƙiƙanci ne ya kayar da su ba. Ɗan birni idan ya shiga jami'a yana da yaya ko maƙwabci da ya riga ya bi hanyar. Namu kuwa sau da yawa shi ne na farko a gidansu, wani lokaci a duk unguwar, ba wanda zai ce masa bi nan, kauce wa can. Wannan rubutu na wanda zai tsaya masa ne: yaya, kawu, baffa, ko malamin da ya koyar da shi. Ina cewa "yaro" ne don sauƙin magana, amma har da 'yan mata, kuma inda nasu ya bambanta zan faɗa.

1. A fitar da mutum ɗaya

Kafin a taɓa takarda ko kuɗi, dangi su zauna su ce wane ne zai riƙe maganar karatun nan. Mutum ɗaya, mai waya, mai ɗan karatu, wanda yaron ba ya jin nauyin faɗa masa gaskiya. Ba dole ya zama mai kuɗin gidan ba. Idan aka bar abin a hannun kowa, ranar da wa'adin biya zai ƙare kowa zai ce ya zaci wane ya biya.

Aikinsa na farko shi ne ya nemo ɗalibi ɗan yankinku da ke aji biyu ko uku a wannan jami'ar, in da hali a sashe ɗaya da yaron. Da ɗan gari akan ci gari. Idan ba ku san kowa ba, ku tambayi shugaban sakandaren da yaron ya gama, ko ku nemi 'yan ƙungiyar ɗaliban jiha, NAJISS ga 'yan Jigawa, NAKSS ga 'yan Kano. Ga yarinya, a nemo mata mace.

2. A tabbatar da gurbin a CAPS

Ganin suna a takardar da aka liƙa a allo, ko a hoton da ke yawo a WhatsApp, bai isa a fara rabon goro ba. Tun 2017 JAMB ta mayar da bayar da gurbi ta manhajarta da ake kira CAPS, kuma duk gurbin da bai bi ta nan ba hukumar ba ta san da shi ba. Yaron ya shiga shafinsa na JAMB da imel da lambar sirrinsa, ya duba sunan jami'a da kwas ɗin da aka ba shi. Zai ga wurin karɓa da wurin ƙi. Idan ya karɓa, sai a fitar da takardar gurbin ta JAMB, sannan a je shafin jami'ar a fitar da tata. Takardu biyu ne, ba ɗaya ba.

Idan shafin bai nuna komai ba alhali makin yaron ya kai, abu na farko da za a duba shi ne ko an ɗora sakamakonsa na WAEC ko NECO ko NBAIS a CAPS. Yara da yawa suna rajistar JAMB kafin sakamako ya fito, sai su manta su koma cibiyar JAMB a ɗora. Jami'a ba za ta ɗauki wanda ba ta ga kiredit ɗinsa ba.

Hattara: kada a danna "karɓa" cikin zumuɗi. Yaro ya nemi likitanci an ba shi ilimin halittu, ko ya nemi lauya an ba shi tarihi, a zauna da shi a yi magana tukuna. Ra'ayina, idan makinsa ba wani mai yawa ba ne kuma gida ba ƙarfin sake zaman shekara, ya karɓa. Amma kada a yaudare shi da "ai za ka canza daga baya". Canjin kwas yana yiwuwa a wasu jami'o'in bayan aji ɗaya, sai dai ga wanda sakamakonsa ya yi kyau sosai kuma aka samu gurbi. Kada kuma a yi ta jan ƙafa, gurbin yana da wa'adi.

Hattara ta biyu: duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai "sa sunan yaro", ku rabu da shi. Na san gidan da aka sayar da tunkiya biyu aka ba wani, ya kawo takarda mai hatimi, sai a ranar tantancewa aka ce jami'a ba ta san da ita ba.

3. Takardu, da maganar suna

Nan ne namu suka fi faɗawa rami, don haka zan ɗan daɗe.

A sayi fayil mai maɓalli, a tara waɗannan a ciki: takardar gurbi ta JAMB da ta jami'a, asalin sakamakon JAMB mai hoto, sakamakon WAEC ko NECO ko NBAIS, takardar shaidar gama firamare da ta sakandare, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru daga kotu, takardar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, katin NIN, da hotuna ƙanana. Kowace a yi mata kwafi aƙalla biyar, domin ofisoshi da yawa kowanne zai karɓi nasa, kuma kwafi a bakin jami'a lokacin rajista layi ne mai tsawo. Hoto a wanke kamar goma sha biyu, amma a fara duba launin bayan da jami'ar ta nema, wata ja take so, wata fari. A ɗauki hoton kowace takarda da waya, a tura wa mai kula da yaron ya ajiye.

Takardar ƙaramar hukuma a fara nemanta da wuri. Yawanci sai an bi ta wajen mai unguwa da dagaci ko hakimi kafin a kai sakatariya, kuma ba kullum ake samun mai sa hannu a ofis ba.

Sai a baje takardun a kan tabarma a karanta sunan harafi bayan harafi. A firamare an rubuta Muhammadu Sani, a NECO an rubuta Sani Mohammed, a NIN kuma an ƙara sunan gari a ƙarshe. A wajenmu mutum ɗaya ne, a wajen kwamfuta mutum uku ne. Haka ranar haihuwa: wani malamin firamare ya ƙiyasta, mai rajistar NIN shi ma ya ƙiyasta nasa. Wannan saɓani yana iya tsayar da yaro a tantancewa, ya hana shi bashin karatu, ko ya yi shiru sai bayan shekara huɗu ya hana shi tafiya bautar ƙasa. A gyara tun yanzu: na NIN a hukumar NIMC, na JAMB a ofishinsu na Dutse ko Kano, sannan a haɗa da takardar rantsuwa daga kotu.

A kuma ƙirga kiredit. Mafi yawan kwasa-kwasai suna neman biyar da suka dace da kwas ɗin, ciki har da Turanci da Lissafi, a zama bai wuce biyu ba.

Hattara: layin wayar da aka yi rajistar JAMB da shi dukiya ne. Kada a bar shi ya mutu, kada a ba ƙane. Idan mai kafe, wato shagon intanet, ne ya buɗe wa yaron imel, a je yau a karɓi imel ɗin da lambar sirri a rubuta a bayan fayil. Na ga yaron da mai kafe ya yi wa rajista da nasa layin, ya tashi daga garin, aka sha wahala kafin a shiga shafin.

4. Lissafin kuɗi

Kuskuren da ake yi shi ne a ji kuɗin rajista a ce shi ke nan. Kuɗin rajista rabin labari ne. A samu takarda a raba ta gida uku.

Gida na farko, abin da za a biya sau ɗaya a farkon shiga: kuɗin karɓar gurbi inda ake biya, kuɗin rajista, kuɗin ɗaki, gwajin asibiti, kuɗin tsangaya, wato fakalti, da na sashe da na ƙungiyar ɗalibai, kwafi da hotuna, kuɗin kafe, kuɗin mota zuwa da dawowa fiye da sau ɗaya, da kayan tafiya. Adadin rajista yana shafin jami'ar, kuma ya bambanta da kwas: na kimiyya da lafiya sun fi na adabi da zamantakewa tsada, sabon ɗalibi kuma ya fi tsoho biya. Kada a yi lissafi da abin da wani ya biya shekarun baya, domin a 2023 jami'o'in tarayya da dama, har da Jami'ar Bayero ta Kano (BUK) da ta Dutse, sun ƙara kuɗi sosai.

Gida na biyu, na kowane wata: cefane, gas ko kananzir, sabulu, data, kuɗin adaidaita ko bas, da kuɗin handawut, wato takardun darasi, da buga aikin gida. Wannan gidan shi ne ke kayar da yara. An yi ƙoƙari an biya rajista, an sallame shi da buhun abinci, sai a manta da shi wata uku. Ɗalibin da ke ƙirga yau me zai ci ba zai fahimci lakca ba. A tambayi ɗan garin nan da kuka samo nawa yake kashewa a wata in ya matse, a rubuta.

Gida na uku, ɗan abin da za a ɓoye saboda rashin lafiya ko satar waya.

Sannan a raba nauyin da suna: wane zai biya ɗaki, wane zai riƙa tura na wata. Manomi kuɗinsa na kaka ne, jami'a kuwa ba ta san kaka ba, tana iya buɗe rajista a tsakiyar bazara lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Don haka a ware buhun riɗi ko zoɓo ko shinkafa tun a masussuka a ce wannan na makaranta ne, ko a ɗaure rago a turke da sunan rajistar baɗi. Wanda ya kai dabba kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko ta Wudil ranar Juma'a alhali wa'adi ya rage kwana biyu, dillalai suna ganin fuskarsa za su gane, kuma a wulaƙance zai sayar.

Akwai ƙofofi biyu na tallafi. Ta farko bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati. Ba ruwa a cikinsa. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa jami'a, wanda ya nemi na ɗawainiya kuma ana ba shi naira 20,000 a wata. Ana fara biya shekara 2 bayan gama bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum yake samu. Ana buƙatar lambar JAMB, NIN, BVN da lambar ɗalibi, kuma sai jami'a ta ɗora bayanan yaron kafin ya iya nema. Ta biyu ita ce hukumar tallafin karatu ta jiha, Kano da Jigawa kowace tana da tata, kuma a nan takardar ƙaramar hukuma take aiki.

Hattara: a nema duka biyun, amma kada a jingina rajistar farko da su. Sukan zo bayan an rufe rajista. Kuma a gaya wa yaron da baki cewa na NELFUND bashi ne, ba rabon gwamnati ba.

A buɗe masa asusun banki da sunansa, sunan da ya yi daidai da na NIN. Tura kuɗi ta asusun aboki ko na mai POS yana kawo rigimar da ba ta da amfani.

5. Biya da tantancewa

Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina, illa wata jami'ar tana sa tantancewa kafin biya, wata bayan biya. Yaron zai shiga shafin jami'a, ya cike bayanansa, ya fitar da takardar biya. A jami'o'in tarayya takardar tana ɗauke da lambar RRR ta Remita, da ita za a biya a banki ko da kati. Bayan biya a koma shafin a tabbatar ya nuna an biya, a fitar da rasit. Daga nan sai kai takardu na asali a duba, sai sa hannun tsangaya da sashe, sai asibitin makaranta, sai laburare, sai katin shaida.

Hattara: kada a miƙa wa mai kafe tsabar kuɗin rajista a ce ya biya. Ya fitar da lambar, ku biya da hannunku, sannan ku duba sunan da ke kan takardar na yaronku ne. Ba a biyan kuɗin jami'a a asusun wani mutum komai girman rigarsa. Takardu na asali kuma a nuna ne a dawo da su, kwafi ake bari.

Rajistar asibiti kada a tsallake ta don layi ya yi yawa. An riga an biya kuɗinta a cikin rajista, kuma ranar da zazzaɓi ya kayar da shi da tsakar dare katin ne zai sa a duba shi.

6. Wurin kwana

Ɗakunan makaranta ba sa isa, kuma wanda ya riga biya shi ya fi samu. Ga ɗan aji ɗaya na fi son cikin makaranta ko da cunkoso, musamman yarinya: akwai tsaro, ba kuɗin mota, ga masallaci da ajin karatun dare kusa.

Idan ba a samu ba sai haya. A je a gani da ido, a tambayi ruwa, wuta, makewayi, da su wane ne sauran 'yan hayar. A biya mai gida ko wakilinsa a gaban shaida a karɓi rasit. A fara tambayar inda za a riƙa yi masa lakca kafin a kama ɗaki. BUK tana da tsohuwar makaranta da sabuwa a kan titin Gwarzo, wanda ya kama ɗaki a Ɗanbare ko Rimin Gata kusa da sabuwar alhali darussansa suna tsohuwa, kuɗin mota zai cinye shi.

Sauka a gidan dangi a birni yana da sauƙin aljihu, amma a yi magana a fili tun farko. Na ga yarinyar da aka sauke gidan 'yan uwa ta koma mai wanke-wanke da raino, lakcar ƙarfe takwas ba ta taɓa samu ba.

7. Kayan tafiya

Katifa ƙarama, zanin gado, bargo saboda hunturu, gidan sauro, bokiti, buta, tocila, kwaɗo biyu, risho ko ƙaramin gas in an yarda da shi a ɗakin, tukunya biyu, kwano da cokali. Abinci daga gida ya fi araha: shinkafa, wake, garin ɗanwake, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, garin kunu, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yaji, man gyaɗa. Kada a cika masa buhu guda lokaci ɗaya, abokan ɗaki za su taya shi ci cikin mako uku. Gara a riƙa aikawa kaɗan-kaɗan ta direban garinku.

Idan namiji ne bai iya dafa komai ba, Inna ta zaunar da shi a madafa mako biyu kafin tafiya. Ba abin kunya ba ne, sayen abinci kullum shi ne abin kuka.

Waya mai intanet yanzu dole ce, ko ta hannu ce. Sanarwar canjin aji, ranar gwaji da takardun karatu duk ta zauren WhatsApp na aji suke zuwa. Kwamfuta tana iya jira, sai in kwas ɗin nata ne.

8. Ranar tafiya da makon farko

Ka raka shi. Ku fita da asuba a ranar aiki, ba Juma'a ba, don ku tarar da ofisoshi a buɗe. Ka haɗa shi da ɗan garin nan hannu da hannu, ku zaga tare: ga sashe, ga ofishin malamin da ke kula da 'yan aji ɗaya wanda ɗalibai ke kira lebul kodineta, ga asibiti, ga ofishin harkokin ɗalibai, ga tasha. Ka karɓi lambar abokin ɗakinsa ɗaya.

Ya koma ranar da aka ce a koma. Tsofaffin ɗalibai za su ce masa ai ba a fara komai sai bayan wata ɗaya. Su sun san hanyar cike giɓi, shi bai sani ba. Ya halarci taron wayar da kan sababbin ɗalibai, ya karɓi littafin dokokin ɗalibi ya karanta, musamman babin jarrabawa da na sutura. Za a tsokane shi da "jambito", ya yi dariya ya wuce.

9. Rajistar kwasa-kwasai da lissafin maki

Biyan kuɗi daban, rajistar kwasa-kwasai daban. Kowane zango akwai darussan da zai zaɓa a shafin jami'a, ya fitar da fom, kodineta ya sa hannu. Darasin da bai yi wa rajista ba, ko ya ci ɗari bisa ɗari ba za a ƙirga masa ba. Wanda ya yi wa rajista kuma bai zauna jarrabawarsa ba, sifili ne. Kada ya bar mai kafe ya zaɓa masa, kada ya kwafi na abokin da ke wani sashe. Ya karɓi jerin daga sashe, in an yi kuskure akwai ɗan lokacin ƙari da ragi, ya gyara kafin ya wuce.

Yanzu ka zaunar da shi ka yi masa wannan lissafin da biro, domin a sakandare ba wanda ya koya masa. A mafi yawan jami'o'inmu maki 70 zuwa sama A ne, darajarsa 5. Daga 60 zuwa 69 B, 4. Daga 50 zuwa 59 C, 3. Daga 45 zuwa 49 D, 2. Daga 40 zuwa 44 E, 1. Ƙasa da 40 F, sifili, kuma sai ya sake darasin baɗi, shi ne kariyoba. Kowane darasi yana da nauyi, wani 2 wani 3, ana ninka daraja da nauyi, a tara, a raba da jimillar nauyin.

Misali darasi huɗu. Mai nauyi 3 ya ci A, 15 ke nan. Wani mai nauyi 3 ya ci C, 9. Mai nauyi 2 ya ci B, 8. Na ƙarshe mai nauyi 2 ya faɗi, sifili. Jimilla 32, a raba da 10, ya tashi da 3.20. Da a ce na ƙarshen C kawai ya samu, jimilla 38 ce, wato 3.80. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, ta biyu babba daga 3.50, ta biyu ƙarama daga 2.40. Ka ga darasi ɗaya da ya raina ya sauko da shi daga wani mataki zuwa wani. Kuma darasin da ake rainawa galibi na gama-gari ne, irin su Turanci da amfani da laburare, da ake kira GSP ko GST.

Wannan lissafi tarawa ake yi har shekarar ƙarshe, shi ne CGPA. Ba kamar sakandare ba ne da za a yi wasa a aji ɗaya a dage a aji shida. Ramin da aka haƙa a zangon farko, shekara uku ana cikewa bai cika ba. Wanda nasa ya yi ƙasa ƙwarai ana ba shi gargaɗi, in bai gyara ba a sallame shi.

Hattara: maki 30 ko 40 na kowane darasi daga gwaji da aikin gida suke fitowa, kuma malami yana iya yin gwaji ba sanarwa. Jami'o'i da yawa suna sharɗanta halartar kashi 75 cikin ɗari na lakca kafin a shiga jarrabawa. Saboda haka ku daina kiransa gida kowane biki da suna da girbi. Shiga ɗakin jarrabawa da waya ko 'yar takarda kuwa kora ce, ba bulala ba.

10. Turanci da kwamfuta

Mu faɗa wa juna gaskiya, a yawancin makarantunmu da Hausa muke bayani ko da littafin na Turanci ne. Yaron zai shiga ɗakin lakca mai ɗaruruwan mutane, malami yana zuba Turanci da sauri, ba ya rubutu a allo. Makonnin farko zai ji kamar an jefa shi rijiya. Ka gaya masa tun a gida cewa haka kowa ya ji, kada ya ɗauka shi kaɗai ne.

Maganin ba mai tsada ba ne. Ya je da wuri ya zauna a gaba. Ya rubuta abin da ya kama, da yamma ya haɗa da na wani ya cike. Ya sa ƙamus a waya. Ya samu mutum uku ko huɗu su riƙa bita, ciki har da wanda ba ya jin Hausa, don dole ta sa shi magana. Ya halarci darussan ƙarin haske da manyan ɗalibai da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN suke shiryawa, yawanci kyauta ne ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ya nemi tsofaffin tambayoyin jarrabawa tun tsakiyar zango. Idan tun ranar JAMB bai sake taɓa kwamfuta ba, kafin ya tafi a biya masa mako biyu a kafe ya koyi buga rubutu da tura imel, domin wasu jarrabawar aji ɗaya a kwamfuta ake yi.

11. Bibiya daga gida

Ka sa rana ɗaya a mako ta waya. "Ya karatu?" amsarta "Alhamdu lillahi" ce ko da yana kuka. Ka yi tambayar da ke buƙatar amsa: me ka ci jiya da dare, wane darasi ne ya fi ba ka wuya, nawa ka samu a gwajin da ka ce za a yi, nawa ya rage a hannunka. Kuɗin wata a tura a rana sananniya, ko kaɗan ne, don ya iya tsarawa.

Abubuwan da za su sa ka tashi ka je da ƙafarka: ya daina ɗaga waya, ko yana dawowa gida kowane mako ba dalili, ko yana neman kuɗi a kai a kai da sunan handawut, ko ka ga kaya a jikinsa da ba ku kuka saya ba. Cacar ƙwallo ta waya, bashin manhaja da ƙwaya suna kama yaran kirki ne a lokacin kaɗaici. In ka je kada ka fara da faɗa, ka fara da abinci.

Yarinya kuma a samu mace a gida, yaya ko gwaggo, da za ta iya faɗa wa abin da ba za ta faɗa wa Baba ba. A gaya mata kada ta je ofishin malami ita kaɗai bayan an tashi, ta ajiye duk saƙon da bai dace ba, kuma akwai ofishin harkokin ɗalibai da ake kai ƙara. Mafi muhimmanci, ta ji daga bakinku cewa in ta kawo kuka ba za a ce ta tattaro kayanta ta dawo gida ba. Tsoron a cire su daga makaranta shi ke sa yawancinsu yin shiru.

12. Sakamakon farko

Idan sakamakon zangon farko ya fito, kada ka karɓi "mun ci" a baki. Ya buɗe shafinsa ku duba tare, darasi bayan darasi, ku yi lissafin nan na mataki na 9. In akwai darasin da ya zauna amma ba a ga makinsa ba, ya rubuta takardar koke ta hannun kodineta a makon da ya koma, ya riƙe kwafi. In akwai kariyoba, ita zai fara sawa a rajistar baɗi kafin sababbin darussa, kuma ya shiga ajinta, ba ranar jarrabawa kawai ba.

Kafin shekarar ta ƙare a duba sunansa a jerin ɗaliban da JAMB ta tabbatar, wanda ake dubawa a shafinta, domin da shi hukumar bautar ƙasa ta NYSC take aiki. In babu sunan, ya je ofishin ɗaukar ɗalibai da takardun gurbinsa biyu da rasit ɗin rajista tun yana aji ɗaya. Rasit ɗin duk wani biya da fom ɗin kwasa-kwasai na kowane zango su koma cikin fayil ɗin nan mai maɓalli, domin ranar da zai karɓi sakamakon ƙarshe za a nemi wasunsu tun daga na farko.